Ƙira da Maƙera a Karkarar Arewacin Kano: Daga Tama Zuwa Sanholo

Gabatarwa

Duk wanda ya bar birnin Kano ya nufi arewa, ko ta hanyar Katsina zuwa Dawakin Tofa da Bichi, ko ta hanyar Daura zuwa Dambatta, ko kuwa ta Gezawa da Minjibir, abin da zai fara lura da shi shi ne babu daji. Gona tana manne da gona, gida yana hangen gida, kuma itatuwan da ke tsaye, ɗorawa ce ko kuka ko tsamiya ko gawo, kowace tana da mai ita. A shekarar 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka buga sakamakon binciken da suka yi a gundumar Ungogo, inda suka bayyana wannan yanki da ke kewaye da birni a matsayin ƙasa mai cunkoson jama'a, wadda ake samun fiye da mutum 350 a kowace murabba'in mil, ake kuma noma mafi yawan gonakinta kowace shekara ba hutu. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda manoman wannan wuri suke riƙe ƙarfin ƙasarsu da taki da toka da sharar birni da jakuna ke kai musu. Amma ba a cika waiwayar mutumin da ya ƙera fartanyar da ake wannan aiki da ita ba.

Manufar wannan lacca ita ce a bi tarihin maƙeran wannan yanki, na baƙi da na fari, ta hanyar tambaya guda ɗaya, watau daga ina ƙarfen da suke aiki da shi yake fitowa. Za a ga cewa mafarin ƙarfe ya sake sau da dama, kuma kowane sauyi ya bar sana'ar a raye amma ya tafi da wani yanki na iliminta. Za a kuma ga cewa abin da manomi yake bukata shi ne ya ɗore, abin da yake na ado kuwa yana rayuwa ne kawai muddin akwai mai biyan kuɗinsa.

Ƙarfe a Tushen Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya fara da labarin mutanen da ke zaune a gindin Dutsen Dala tun kafin zuwan Bagauda. Akwai kuma riwayar baka mai daɗewa da ke cewa Abagayawa, waɗanda ake lissafawa cikin mazaunan farko, jikokin wani maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a Dala, ya zauna. Ko yaya mutum ya ɗauki wannan riwaya, binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa ya goyi bayan jigonta, domin gawayin da aka samo a wani tsohon wurin narka tama a Dala, da aka auna shekarunsa, ya nuna ana wannan aiki a wurin tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Watau ke nan an yi ɗaruruwan shekaru ana fitar da ƙarfe a Dala kafin a kafa sarautar da Tarihin Kano ya lissafa sarakunanta.

Kano ba ita kaɗai ba ce a wannan. A Taruga, cikin yankin al'adar Nok, an samu tanderun narka tama da suka girmi na Dala da kusan shekara 1,000. A Samaru ta Zariya ma, J. E. G. Sutton ya tono irin waɗannan tanderu a shekarun 1970. Abin da wannan ke nunawa shi ne sanin ƙarfe tsohon gado ne a wannan sashe na Afirka, ba baƙo ne da fatake suka kawo jiya ba.

Ya kamata a bambanta ayyuka biyu da mutane kan haɗa su wuri guda. Akwai fitar da ƙarfe daga tama, akwai kuma ƙira. Mai fitar da ƙarfe yakan haƙo tama, ya farfasa ta, ya gina tanderu na yumɓu mai tsayi da kafofin shigar iska a gindinsa, sa'an nan ya jera tama da gawayi hawa-hawa, ya sa wuta. Zafin irin wannan tanderu yakan kai wajen digiri 1,200, alhali kuwa ƙarfe zalla ba ya narkewa sai ya wuce digiri 1,500. Saboda haka, ko da yake ana cewa an narka tama, abin da ke narkewa a gaskiya dattin dutsen ne, wanda ke tsiyayewa ya zama kashin ƙarfe, shi kuwa ƙarfen ya dunƙule a ƙasan tanderu ya zama curi mai ramuka. Wannan curi ne ake fasawa a sayar wa maƙeri, shi kuma ya yi ta gasawa yana duka har ya kore sauran dattin. Aiki ne na rani, na taron maza, kuma yana tattare da sharuɗɗa da camfe-camfe. Nicole Echard, wadda ta yi bincike tsakanin maƙeran Adar a Jamhuriyar Nijar a shekarun 1960, ta nuna yadda suke ɗaukar aikin tanderu tamkar aure da haihuwa, har ta ɗauki hoton majigi na yadda ake yinsa.

Abu guda da wannan aiki yake ci fiye da kome shi ne itace. Ana bukatar gawayi mai yawa, kuma ba na kowane itace ba, domin maƙera sun fi son gawayin ƙirya saboda ƙarfin wutarsa da daɗewarta. To, a ƙasar da daji ya ƙare, kowace bishiya ta zama dukiyar mai gona, ba a samun sukunin sare itatuwa a ƙona don tanderu. Yawan jama'ar da fartanya ta ciyar shi ne ya riƙa tura aikin tama zuwa gefe, inda sauran daji yake. Tun kafin zuwan Turawa, maƙerin ƙauye a wannan yanki ya saba da sayen ƙarfensa daga hannun wasu.

Maƙerin Baƙi da Gona

Hausawa sun raba ƙira gida biyu. Maƙeran baƙi su ne masu aikin baƙin ƙarfe, maƙeran fari kuwa su ne masu aikin tagulla da jan ƙarfe da azurfa da dalma. Kowane ɓangare da kayan aikinsa da masu cinikinsa.

Maƙerar baƙi rumfa ce ko 'yar bukka a ƙofar gida ko bakin kasuwa. A cikinta akwai uwar maƙera, wadda ake ɗora ƙarfe a kanta a doka, da masaba, da awartaki na kama ƙarfe mai zafi, da magagari, da zuga-zugan fatar akuya waɗanda yaro ke zugawa. Daga zuga ɗan maƙeri yake fara koyo, yana kallon launin ƙarfe a cikin wuta har ya gane lokacin da ya isa duka. Babu littafi a wannan makaranta, ido ne da kunne da hannu. A nan ake ƙera fartanya da garma da hauya da sungumi na shuka, da lauje da magirbi da gatari da gizago, har da aska ta wanzami da wuƙar mahauci da allurar baduku. Idan aka duba da kyau, kusan babu sana'ar Bahaushe da ba ta ratsa ta maƙera ba.

Siffar kayan noman ma tana bin ƙasar da za a noma. Ƙasar arewacin Kano jigawa ce mai rairayi, mai sauƙin huɗa, kuma gonakin ƙanana ne, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya guda. Maƙerin da ya tashi a wurin ya san faɗin bakin da manomi yake so, da nauyin da hannu zai iya ɗauka tun safe har azahar, da yadda ƙarfe zai zauna a ƙota. Ciniki kuma ba na yini ɗaya ba ne. Gab da faɗuwar damina maƙera takan cika da masu gyara da masu sabuntawa, da yawansu ba su da kuɗi a hannu, sai a yi musu aiki a jira kaka su biya da damin hatsi. Shi kansa maƙerin manomi ne, yana da gonarsa, ƙira kuwa ta fi ƙarfi da rani da bazara.

Game da matsayinsu a cikin jama'a, maƙeran Hausa sun bambanta da na wasu maƙwabta. A wurin Buzaye maƙera jinsi ne a keɓe, ba a cika auratayya da su ba. A ƙasar Kano kuwa ƙira sana'ar gado ce, amma ba ta zama katanga irin wannan ba. Maƙera suna danganta sana'arsu ga Annabi Dawuda, wanda Alƙur'ani ya ambata an tausasa masa ƙarfe yana yin sulke, kuma akwai sura guda da aka sa wa sunan ƙarfe. An san su da maganin ƙuna da wasa da wuta a lokacin bukukuwa, suna da kiɗansu na dundufa, suna da wasan barkwanci tsakaninsu da Buzaye. Suna kuma da shugabanci, daga Sarkin Maƙera na birni zuwa na garuruwa, wanda ta hannunsa sarauta take neman aiki ko karɓar abin da aka aza wa masu sana'ar. Philip Jaggar, wanda ya yi bincike tsakanin maƙeran birnin Kano a farkon shekarun 1970, ya buga littafi a kan wannan tsari a 1994.

Maƙerin Fari da Ayari

Idan maƙerin baƙi yana kallon gona, maƙerin fari yana kallon fada da ɗakin amarya. Kayan aikinsa kuwa kusan duk daga nesa suke zuwa. Ibn Battuta, wanda ya sauka a Takedda ta ƙasar Azbin a 1353, ya ba da labarin ana haƙar jan ƙarfe a can, ana zuba shi sanda-sanda, ana kai shi Gobir da Barno. Bayan kusan shekara 500, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, ya tarar ana kawo tsohon jan ƙarfe daga Tarabulus, ana kuma kawo wani ta hannun fataken Wadai daga ma'adinin da ke kudu da Darfur. Azurfa tana shigowa a matsayin riyalin Mariya Tireza, kuɗin ƙasar Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780, wanda mutane suka amince da tsarkinsa, maƙera kuma suke narkawa su yi mundaye da zobba. Abin da yake na gida shi ne kuza, wadda ake fitarwa a Riruwai ta kudancin Kano, ana zuba ta siri-siri kamar tsinke. Hugh Clapperton, da ya zaga kasuwar Kano a 1824, ya lissafa kuza cikin amfanin ƙasa, tare da almakashi da wuƙaƙe ƙirar gida, da mundayen tagulla, da ruwan takubba da aka kawo daga ƙetaren hamada.

Batun takubba yana da ban sha'awa, domin yana nuna yadda aikin gida da kayan waje suke haɗuwa. Barth ya ƙiyasta cewa ruwan takobi da ake shigowa da shi Kano a shekara yakan kai wajen 50,000, mafi yawansa daga garin Solingen na Jamus. Amma ruwan takobi ba takobi ba ne tukuna. A Kano ake yi masa ƙota, a yi mata ado da tagulla, dukawa su ɗinka kube, sa'an nan a sayar da shi ga Buzaye da mutanen Barno da na Nufe. Ƙarfen baƙo ne, amma siffar da mai saye yake nema ta Kano ce, kuma a nan ribar take.

Dabarun maƙerin fari iri uku ne manya. Na farko zubi: a siffanta abin da ake so da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fita, sa'an nan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun. Kowane zubi guda ɗaya ne, ba a maimaita shi, don haka ba a samun mundaye biyu masu kama da juna sak. Na biyu bugu: a doke tagulla har ta zama faifai, a lanƙwasa ta ta zama tasa ko buta ko kakaki. Na uku naƙashi, watau fitar da zane a jikin ƙarfe da 'yar guduma da ƙananan ƙarafa masu baki iri-iri, a jera ɗigo da layi da siffar dagi, ba tare da an zana kome a takarda ba.

Manyan masu sayen wannan aiki su ne sarakuna da hakimai. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji (1390–1410) ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma cikin abubuwan da aka danganta ga Muhammadu Rumfa (1463–1499) akwai kakaki da kafa Kasuwar Kurmi. Doki guda na basarake yana bukatar linzami da likkafa da ƙaimi da ƙararrawa da adon goshi, kowane kuwa aikin maƙeri ne, wani na baƙi wani na fari. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. A ƙarni na 19 arewacin Kano bakin daga ne, tun daga rigimar Ɗan Tunku da Sarki Ibrahim Dabo har zuwa hare-haren Damagaram, waɗanda suka iso Gezawa a ƙarshen shekarun 1890. Ita Damagaram, a zamanin Sarki Tanimu, har igwa ake zubawa a Zinder. A irin wannan zamani maƙerin da ke yin fartanya da bazara shi ne mai yin mashi da kan kibiya idan sarki ya yi kira.

Can a ƙauye kuwa, kasuwar maƙerin fari tana hannun mata. Munduwar azurfa ko ta tagulla ado ce, kuma ajiya ce, domin mace tana iya sayar da ita ko ta jinginar ranar da rumbu ya ƙare. Tasoshin da ake jera wa amarya su ma haka suke. Wannan ya sa cinikin maƙerin fari yake tashi da faɗuwa tare da damina: shekarar da aka yi albarka aure ya yawaita, shekarar yunwa kuwa kayan da ya ƙera su dawo masa a narka.

Jirgin Ƙasa da Mutuwar Tanderu

Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Abin da ya fara shafar maƙera shi ne ƙarewar yaƙi, domin bukatar mashi da kibiya ta ragu ƙwarai, kayan doki kuma suka koma na hawan salla da tarbar baƙi. Amma babban sauyi ya zo ne da hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga ciniki a 1912. Nan da nan manoman kewayen birni suka rungumi gyaɗa, kuɗi ya shiga ƙauye, bukatar kayan noma ta ƙaru. Jirgin da ke tafiya da gyaɗa kuma shi ne ke dawowa da ƙarfen Turai, sabo da tsoho: guntayen ƙarfen dogo, da ɗaurin dilolin kaya, da garwar kananzir, daga baya kuma duro da sifirin na mota.

Lissafin a bayyane yake. Curin tama yana cin kwanakin mutane da yawa da tulin gawayi, kuma bayan an saye shi sai maƙeri ya sake wahalar tace shi. Guntun ƙarfen dogo kuwa a tace yake, ya fi tauri, ya fi araha. Babu wata doka da ake bukata don kashe tanderu, kasuwa ta isa. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya aikin tama ya yi ta ja da baya har ya ɓace daga ƙasar Kano, sai a wurare masu nisa da hanyar jirgi, irin su Adar, ya ɗan ƙara jimawa. Haka ma fitar da kuza ta gargajiya ta mutu bayan kamfanonin Turawa sun karɓe ma'adinan. Ilimin da aka gada fiye da shekara 1,200, na gane dutse mai tama, da zaɓen yumɓu, da sarrafa iska, ya tafi cikin ƙarni guda, domin a ƙwaƙwalwar masu shi yake, kuma 'ya'yansu ba su ga dalilin koyonsa ba.

Shi kuwa maƙerin baƙi bai mutu ba, sai ma ya samu sauƙi. An shigo da kayan noma ƙirar Ingila, amma manomi ya ci gaba da zuwa wurin wanda ya san ƙasarsa, wanda zai gyara masa in ta lalace, ya kuma yi masa jinkirin biya. Da Ma'aikatar Gona ta fara yaɗa noman shanu daga wajen 1928, sai maƙera suka koyi yin bakin garmar shanu da sauran sassanta, abin da babu wanda ya koya musu a makaranta.

Maƙerin fari ya ga nasa sauyin ta fuskar kuɗi. Kuɗin azurfa na Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913 sun zama sabuwar hanyar samun azurfa, har zuwa 1920 lokacin da tsadarta ta sa hukuma ta mai da sulalla na gaurayen tagulla. Wani abin lura kuma shi ne aninin farko da aka buga a 1907 na sanholo ne, watau ƙarfen da zai zo ya mamaye sana'ar bayan shekara 50 ya fara shiga hannun talaka ne a matsayin mafi ƙanƙantar kuɗi.

Zamanin Kwano da Sanholo

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dabarar zuba sanholo a cikin yashi ta yaɗu a Afirka ta Yamma, tana tasowa daga wajen Senegal. Ana tara tsofaffin sassan mota da gwangwanaye a narka, a danna tsohuwar tukunya cikin damammen yashi don a sami gurbi, a zuba. Ba kamar zubin kaki ba, wannan ana maimaita shi sau ɗari da samfuri guda. Tukwanen da ludayan da ake gani yau a kasuwannin Dambatta da Bichi da Gezawa daga nan suka samo asali, kuma sun ture tukunyar ƙasa daga murhun gidaje da yawa.

A daidai wannan lokaci kwanon sha mai fenti, wanda aka fara shigowa da shi daga waje, daga baya aka kafa masana'antunsa a Kano a shekarun 1960, ya ture tasar tagulla da ƙwarya daga jeren amarya. Yana da launi, yana da araha, ba ya bukatar a goge shi. Sarƙa da 'yan kunne na kanti, da zinariyar da alhazai ke sayowa daga Makka, suka rage darajar munduwar gida. Maƙeran fari da dama suka koma zubin sanholo ko gyaran fitila da makulli, waɗanda suka rage a kan tagulla kuwa suka dogara ga fada da baƙi masu sayen tsaraba.

Tsadar kayan waje da ta biyo bayan karya darajar Naira a 1986 ta mai da mutane da yawa ga maƙerin gida. Amalanken shanu, da baro, da murhun gawayi, da sassan injin niƙa, duk ana yinsu ko gyara su a garuruwan yankin, sau da yawa a hannun 'ya'yan maƙera da suka koyi walda. Sai dai tsohon ƙarfe, wanda a da ake tsinta, yanzu haja ce da 'yan jari-bola ke tarawa a loda a manyan motoci zuwa masana'antu, maƙerin ƙauye kuwa dole ya yi gasa da su. A gefe guda, ginin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wanda aka fara a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, bai kai ga fitar da ƙarfe daga tama kamar yadda aka tsara ba. Ƙasar da kakanninta suka fitar da ƙarfe a gindin Dala ta bar tsohuwar hanya, sabuwar kuma ba ta kankama ba.

Darasi Daga Lahij

Akwai wani ƙauye a tsaunukan ƙasar Azarbaijan mai suna Lahij, wanda ya shahara tun ƙarnoni da aikin jan ƙarfe. Maƙeransa suna narkawa, su buga, su shafe cikin kwano da kuza, su yi masa zane, kuma kalmar da suke kiran zanen da ita tushenta ɗaya da naƙashi na Hausa, duka daga Larabci. Su ma kayan masana'anta sun karya musu kasuwa, masu sana'ar suka ragu. Amma a 1980 hukuma ta mai da ƙauyen wurin tarihi abin kiyayewa, a 2015 kuma hukumar UNESCO ta sa sana'ar cikin jerin al'adun gado na duniya. Wannan bai dawo da zamanin da ba, amma ya sa an rubuta dabarun, an san masu su, kuma ɗan maƙeri yana da dalilin zama kusa da ubansa.

A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin wannan jeri. Abin murna ne, amma duk wanda ya kalli Hawan Daushe ya cire likkafa da linzami da kwalkwali da kakaki a zuciyarsa, zai ga abin da ya rage. An karrama hawan, saura masu ƙera kayansa.

Kammalawa

Tarihin ƙira a arewacin Kano ya nuna mafarin ƙarfe ya tashi daga tama zuwa ayari, daga ayari zuwa jirgin ƙasa, daga nan zuwa tsohuwar mota da gwangwani, kuma a kowane mataki maƙeri ya karɓi sabon ƙarfe ya ba shi siffar da jama'arsa ke so. Ƙirar baƙi ba ta cikin haɗari muddin ana noma da hannu da shanu. Fitar da ƙarfe daga tama ya riga ya wuce. Abin da ke tsakanin rai da mutuwa yanzu shi ne ƙirar fari, musamman zubin kaki da naƙashi.

Aikin da ya rage ba mai tsada ba ne. Ɗaliban tarihi da na Hausa a Jami'ar Bayero da sauran makarantu suna iya zama da tsofaffin maƙera a garuruwansu, su ɗauki sunayen kayan aiki da na zane-zane da salsalar gidajen, su kuma nuna a taswira wuraren da manoma ke tono kashin ƙarfe a gonakinsu, domin kowane irin wannan wuri tsohon tanderu ne. Gidan Makama da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano suna iya ajiye kaya tare da sunan wanda ya ƙera da garinsu, maimakon a rubuta aikin Hausawa kawai. Ma'aikatan gona kuwa, idan za su raba wa manoma garma ko amalanke, ya kamata su fara tambaya ko akwai mai yinsu a gundumar kafin a aika neman su daga waje. Maƙera sun daɗe suna cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma dattawan da suka koyi zubin tagulla a hannun iyayensu kafin zuwan kwanon sha sun kai shekara 80 ko sun wuce.